Bridie Ta Ga Kafaɗata

Duk duniya babu wanda ya kai ni sanin bayan motar Bridie Radford. Gabanta kuwa sai dai ku tambayi wasu, don ni aikina ya hana ni gani.

Sunana Noelene, yayar ubanta ce ni, kuma tun kafin a haife ta nake riƙe da tuta rawaya a Kwanar Shanu, a filin tseren motoci na Tarrawell da ke bayan garinmu. Ba biyanmu ake yi ba. Burodi da naman sosej da rana, sai sabuwar hula in shekara ta yi kyau. Mu biyu ne a rumfar, ni da tsoho Merv, muna tsaye fuska da fuska kamar masu shirin faɗa. Shi yana kallon motocin da ke tahowa da tuta shuɗiya a hannu. Ni kuwa baya nake ba su, idona na kan gangaren da ke bayan tudu, wurin da direba ba ya gani sai ya riga ya faɗa ciki. In wani ya wantsale a can, ni ce zan ɗaga rawaya, wato a rage gudu, kuma kada kowa ya wuce kowa. In mota ta ƙwace ta nufo rumfarmu ta bayana, Merv ne zai fizge ni. Mai rawaya ba ya juyawa. Wasu sukan saci kallo in an gama tsere ana zagayen huce inji, amma ni ban taɓa ba, don na sha ganin mota ta kife a wannan zagayen da kowa ya saki jiki. Merv yakan ce ko miji aka kawo mini ta baya, sai dai a ɗaura auren da ƙeyata.

Ƙanena Col manomin dankali ne a jar ƙasar nan da ke gangarawa bakin teku. Ranar tsere yakan ajiye a-kori-kurarsa a tudun 'yan kallo, daidai bayana, ya ɗora Bridie a kan rufin da ledar soyayyen dankali a cinya. Lokacin ko makaranta ba ta shiga ba. Wata rana da aka tashi cin abinci ya zo yana ta dariya.

"Yaya, yarinyar nan taki mayya ce. Kafin ki ɗaga tuta sai ta ƙwala ihu, wai rawaya! Kuma ba ta taɓa kuskurewa ba."

Na sunkuya na dube ta. Bakin nan duk miyar tumatir. Na ce, "Ke, wa yake gaya miki?"

"Kafaɗarki ce, Gwaggo. Ta hagun sai ta tashi ta taɓa kunnenki, sannan tutar ta fito."

Na ce ƙarya take yi, kafaɗata ba ta zuwa ko'ina. Merv ya ƙware da shayi don dariya, ya ce shekara da shekaru yana ganin abin, tsoron bakina ne ya hana shi faɗa. Ashe gaskiyarta ce. Mukan riƙe tutar a naɗe, a manne da ƙafa, don kada direba ya hango rawaya a banza ya taka birki. Kafin a zaro ta a warware akwai ƙiftawar ido guda, kuma a cikin wannan ƙiftawar jikina yake tona mini asiri. Na yi ƙoƙarin dainawa har na gaji na bari.

Tuƙi kuwa a gona ta koya. Lokacin tonon dankali ita ake ɗora wa taraktar da ke jan injin tono, mutane na tsaye a bayansa suna tsince duwatsu. In direba ya fizgi mota sau ɗaya, sai ka ga ma'aikata sun zube a kan juna suna zagin uwarsa da ubansa. Bridie ta sha zagin nan har ƙafarta ta yi laushi. Daga baya masana suka riƙa zuwa suna yaba yadda take taka totur da birki a hankali, suna tambayar wane malami ya koya mata. Masu tsince duwatsu ne suka koya mata, da ashar.

Wani maƙwabci ya ba su tsohuwar kat, 'yar motar nan ta yara da ke gudu dab da ƙasa, wadda kaji suka mayar wurin kwana a rumbunsa. Daga nan aka rasa zaman lafiya a gidan. Kada fa ku ɗauka waliyyiya nake ba ku labari. In ta sha kaye sai ta ciji safar hannunta ta ƙi magana da kowa har gida. Akwai ranar da ta wuce wani yaro alhali an ɗaga rawaya, aka kore ta daga tseren, ta zo tana mini rantse-rantse wai ba ta ga tutar ba. Ni za ta gaya wa haka! Na kwaso tutocin ƙungiya gaba ɗaya na zube mata a baho. Ta wanke su, ta shanya, ta goge ɗaya bayan ɗaya tana kuka tana jan majina, uwarta na leƙe ta taga.

Na ce mata, "Bayan kowace tuta akwai mutum a tsaye, bayan mutumin kuma akwai wani a kwance. Kin ji ko ba ki ji ba?"

"Na ji, Gwaggo."

"Sake goge jar nan, ta yamutse."

Tana da shekara goma sha biyar Col ya je Hobart ya dawo da motar tsere ta gaske, mai kujera ɗaya da tayoyi a waje, amma a cikin akwatunan tuffa. Mai ita ya kwance ta zai gyara, mutuwa ta riga shi. Damina guda suka yi a rumbun tarakta suna haɗa ta, uba da 'ya, suna faɗa a kan kowane noti. Ranar zuba kujera ina wurin. Irin motocin nan ba a sayen kujerarsu, jikin direba ake aunawa. Aka shimfiɗa babbar ledar shara a cikin motar, aka zuba ruwan kumfa, Bridie ta zauna a kai, aka ce kada ta motsa sai ya daskare. Kumfar ta yi ta kumbura tana zafi, Col ya zuba fiye da ƙima, har ta fara fitowa ta wuyan yarinyar.

"Baba, gasa ni kake yi!"

"Zauna, ɗiyata, ai kin kusa nuna."

Suka yi wa motar fenti ja irin na ƙasar gonarsu. A jikinta aka rubuta sunan mahaucin garinmu, da na mai facin tayar tarakta, da na ƙungiyar tsofaffin matan da ke sayar da kek a ƙofar coci, don su ne suka sayi tayoyin farko. Da wannan motar suka fara hawa jirgin ruwa daga Devonport suna tsallakawa babban yanki yin tsere, don mu a tsibiri muke, Col na amai tun daga tashi har sauka, Bridie na cin abincinsa da nata.

Shekarar farko ba ta yi daɗi ba, ba zan ɓoye muku ba. 'Yan Melbourne da Sydney suna zuwa da manyan tireloli da injiniyoyi masu kwamfuta, su kuwa namu da a-kori-kura da akwatin spana. Suka sa mata suna 'Yar Dankali. Ta yi ta zuwa ta ƙarshe, ta yi ta wantsalewa cikin tsakuwa, sau ɗaya ma ta karya ƙafar motar tun ba a fara tseren ba. Sai ta dawo gida ta shiga aikin tatsar shanu da asuba a gonar maƙwabta kafin makaranta, don a sami na gyara. Shekara ta biyu ta fara shiga cikin goma na farko, rannan kuma aka tsuge da ruwa ta zo ta uku. A shekara ta uku, sunan nan da suka sa mata don raini ita da kanta ta rubuta shi a bayan hular kwanonta da farin fenti. Ni na fi kowa karanta shi, tunda bayan hular nake gani.

A wannan shekarar mutum ɗaya ne ya tsaya mata a gaba, Kieran Vella, ɗan wani mai kamfanin gine-gine a Melbourne. Na so a ce yaron banza ne in ji daɗin tsanarsa, amma ina! Yana gaishe da masu tuta, kuma ya iya tuƙi, abin haushi. In sun haɗu a layin sosej sai ka ji su.

"'Yar Dankali, yau ma da tarakta kika zo?"

"Eh, don in ja ka in ka faɗa rami, ɗan gatan Baba."

Ga abin da ya sa shekarar ta bambanta da sauran. Wani dattijo mai ƙungiyar tsere a New Zealand ya yi alkawarin duk wanda ya ci gasar bana zai ba shi kujera kyauta a babbar motar tsere irin mai fukafukai gaba da baya, a tseren da ake yi can a watan Janairu, inda masu neman direbobi daga Turai suke zuwa kallo. Kujera ɗaya ce. Kieran ko ya rasa ta ubansa zai saya masa wata. Bridie kuwa, Col ya riga ya faɗa mata a kan teburin cin abinci, ina zaune.

"Ɗiyata, bana ce ta ƙarshe. Tarakta ta gaji, rufin rumbu na yoyo, ni ma na gaji. In ba ki samu kujerar nan ba, motar za mu sayar."

Ba ta yi musu ba. Ta ce, "To, sai in samu." Ta miƙa hannu ta ɗauki gishiri.

Aka yi ta fafatawa har watan Nuwamba, ya ci nan ta ci can, sai ga shi tseren ƙarshe ya faɗo a filinmu na Tarrawell, makinsu kuma kunnen doki. Duk wanda ya riga ɗan'uwansa tsallake layi, kujerar tasa ce.

Ranar Juma'a direbobi suka fito zaga filin da ƙafa kamar yadda aka saba, suna duba kwalta suna shafa ta kamar masu sayen atamfa. Ina rumfa ina share kashin tumaki, tsuntsun nan zakaran ƙeƙuwa da ke gadin ƙwai a ciyawar gefe yana ta kawo mini sura, sai ga Bridie ta tsaya a kan tudun.

"A nan zan wuce shi, Gwaggo. Ya fi ni inji, sauran wuraren ba zan iya ba. Amma yana tsoron gangaren nan, yana taka birki da wuri."

Na ce, "Ni dai ba zan gani ba, sai ki ba ni labari."

Merv ya sa baki. "Noelene, ranar Lahadi mu yi musanya mana. Ki karɓi shuɗiya ki ga 'yarki sau ɗaya a rayuwa."

"In ba ka rawaya da idon nan naka? Kai da kake gaishe da turken shinge kana zaton limamin coci ne?"

Sai mutum ɗaya da ya kamata ku sani, Dakta Pereira, likitan haƙori daga Launceston. Ya haura hamsin, yana shiga tseren yaran nan don sha'awa kawai, kullum shi ne na ƙarshe, kullum da murmushi. Rabin rawayar da na ɗaga a rayuwata saboda shi ne. Duk ƙarshen shekara matarsa takan kawo mana kwalin cakulan, wai ladan wahala.

Lahadi ta zo da rana tas da iskar teku. Gari ya watse ya dawo tudun 'yan kallo, har da matan coci da kujerunsu na naɗewa. Tseren shi ne na ƙarshe kafin abincin rana. Aka tashi, Kieran a gaba, Bridie a bayansa. Ni ba na ganin tahowarsu, amma kunnena ya san injinta, yana da wata 'yar shaƙewa in ta sauya giya. Sai in ji ƙara biyu sun nufo ƙeyata, iska ta buge ni, sannan in ga shuɗiyar motarsa da jar motarta sun gangara sun sha kwana. Zagaye bayan zagaye tana manne da shi. Sauran motocin an bar su can baya, kamar ba tare aka tashi ba. Sau biyu ta leƙa ta gefensa a kan tudun ta koma, na gane gwada shi take yi, tana ajiye abin sai ƙarshe.

Oba-obar rumfarmu ta ce zagayen ƙarshe. Dakta Pereira ya wuce ni shi kaɗai, saura kaɗan na gaba su riske shi su zagaye shi. Ina jin ya hango su a madubi ya rikice, ya so ya ba su hanya, tayarsa ta hau ciyawa. Motar ta juya sau ɗaya ta dawo ta tsaya a gicciye a tsakiyar kwalta, a ƙasan gangaren, injin ya mutu. Gefen motar, inda haƙarƙarinsa yake, shi ke fuskantar tudu.

A daidai lokacin ƙarar da ke bayana ba biyu ba ce, ta zama ɗaya. Na san ma'anar wannan. Sun jeru, tana gefensa, ta ciki. Na ga bakin Merv a buɗe.

Ba zan ce muku na yi wani tunani ba, hannuna bai shawarce ni ba. Amma wallahi tutar ba ta gama barin ƙafata ba na ji injin Bridie ya faɗi. Shaƙewar nan, sannan kukan taya. Bayan nata sai na Kieran. Ina kaɗa rawaya da dukkan ƙarfina suka bayyana a gefena, hayaƙi na tashi daga tayoyinsu, hannun Bridie ɗaya a miƙe sama daga cikin motar, alamar da direba ke yi wa na kusa da shi cewa akwai haɗari. Kieran ya bi ta dama ta kan ciyawa, ita ta bi ta hagu, suka wuce likitan ta gaba da ta baya. Tsakanin tayar Kieran da hancin motar likitan ko tafin hannu ba zai shiga ba. Da suka dawo kan kwalta shi ne a gaba. Daga nan zuwa layi babu sauran wurin wucewa, kuma kowa a filin ya san haka.

Aka tura motar likitan gefe. Suka zo zagayen huce inji, na ji ta rage gudu a bayana, ban juya ba. Wannan karon ba don doka ba ne. Ina ganin tutata ce ta kashe mata kujerar, kuma ban san da wane ido zan dube ta ba.

Da aka tashi cin abinci na ja ƙafa zuwa inda suke ajiye mota. Tun daga nesa nake jin muryar Col. Fuskarsa ta yi ja, yana riƙe da spana yana nuna sama da ita.

"Tutar ba ta fito ba! Na gani da idona, alƙalan tsere ma sun duba hoto sun ce ba ta fito ba! Hancinki na gaba da nasa, da kin riƙe totur ƙiftawa ɗaya kin wuce shi a kan doka, babu mai cewa komai! Me ya sa kika ɗaga ƙafa? Me kika gani?"

Bridie na zaune a kan taya, hular kwano a cinya, gashinta ya jiƙe sharkaf. Ba ta ɗago ba.

"Kafaɗar Gwaggo ta tashi, Baba."

Col ya tsaya da spanarsa a sama. Ni kuma na dafa tirela.

"Kafaɗa," in ji shi a hankali. "Shekara uku ina amai a teku saboda kafaɗa."

"In ta tashi akwai mutum a kwance. Ban taɓa ganin ta tashi a banza ba." Sai a lokacin muryarta ta karye. "Kuma shi ba rumfar yake kallo ba, tayata yake kallo. Da na wuce da gudun nan biyo ni zai yi. Ni ina ciki, wataƙila in kauce. Shi fa?"

Kafin wani ya amsa sai ga Kieran ya taho, ko kofin bai tsaya karɓa ba, fuskarsa ta yi fari fat. Ya tsaya a gabanta yana murza safar hannu.

"Ban ga tuta ba," ya ce. "Ban ga komai ba sai hannunki. Na ɗauka ma dabara ce, na kusa ƙin taka birki."

"Da ka sha mamaki, ɗan gatan Baba."

"Kujerar nan taki ce, Bridie. Zan gaya wa dattijon."

Ta miƙe tsaye, idanunta jajur. "Kada ka kuskura. Ka riga ni layi, ka ci. Ka je can ka yi tuƙi kamar mutum, in ka ba mu kunya in zo da tarakta in ja ka gida."

Dakta Pereira ma ya zo, matarsa na riƙe da hannunsa. Matar ce ta kama fuskar Bridie da hannu biyu ta sumbaci goshinta, suka juya suka tafi. Col ya bi su da kallo har suka ɓace, sannan ya ajiye spanar a hankali, ya zauna a kan tayar da 'yarsa ta tashi, ya rufe fuska da hularsa.

Na same ta a bayan tirela tana cizon safar hannu kamar tana 'yar shekara goma. Na ce, "Ni na jawo miki."

"Haba Gwaggo, ke kika juya motar likita?" Ta share hanci da hannun riga. "Ina jin haushi, kada ki ce ba na ji. Ina son kujerar nan kamar in mutu. Amma da kin jinkirta tutar nan saboda ni, da ban sake shiga gidanki ba."

"Da na jinkirta, da ni ma ban sake shiga ba."

Dattijon New Zealand ya cika alkawarinsa ga wanda ya ci, kuma ban ga laifinsa ba. Kieran ya je, ya yi abin kirki, yanzu yana tsere a ƙasashen waje, duk Kirsimeti yana aiko mata da hoton tarakta. An sayar da jar motar kafin girbi, aka gyara rufin rumbu. Bridie tana tuƙa tankar madara yanzu, tana zaga gonaki tun duhun asuba, kuma manoma sun ce ita kaɗai ce ke juya tankar a ƙofar rumbu ba ta taɓa musu shinge ba. Ranar tsere ita ke jan motar likitocin gaggawa a Tarrawell, ita ce kuma ke tara sababbin yara ta yi musu bayanin tutoci. Na ji an ce wanda duk ya yi mata gardama, baho take nuna masa. In wani ya ce mini kaico, yarinyar nan da ta yi nisa, nakan ce masa ya je Launceston ya tambayi jikokin likitan haƙori ko ta yi nisa ko ba ta yi ba.

Amma ban gama da ranar Lahadin nan ba. Al'adarmu ce in an rufe shekara, da yamma zakaran gasar ya fito ya zaga filin shi kaɗai a hankali, masu tuta su fito bakin kwalta su kaɗa masa duk tutocin da ke rumfa a lokaci ɗaya. Muna tsaye sai oba-oba ta yi ƙara, mai kula da tsere ya ce a saurara, zakaran bana ya ƙi fita shi kaɗai, motoci biyu ne za su zo.

Na gyara tsayuwa, na ba hanya baya kamar kullum. Can na jiyo su, ƙara biyu a jere, ɗaya da 'yar shaƙewarta. Merv ya ajiye tutocinsa ya miƙo hannu.

"Ba ni rawayar nan, Noelene."

"Ka san ba na..."

"Motoci biyu ne a filin gaba ɗaya, kuma duk suna bayanki. Babu wanda zai kife a gangaren nan sai zakaran ƙeƙuwa. Ba ni, ki juya, tsohuwar banza, kafin ta wuce."

Na ba shi. Hannuna ya yi wani iri da babu komai a ciki. Na juya.

Ashe haka tudun yake ta wannan gefen. Ga jama'a a tsaye, ga matan coci suna kaɗa tawul ɗin kicin, ga Col a kan rufin a-kori-kura inda yake ɗora ta tana ƙarama. Ga jar motar tana hawowa, ƙarama da ita, hancinta duk ciyawa, sunan mahauci a gaba. Kieran ya ja baya kaɗan ya bar ta ta fara isowa. Ta ɗage gilashin hularta, na ga idanunta, sun kumbura don kuka, kuma dariya take yi. Da ta zo daidai rumfa ta saki sitiyari da hannu ɗaya, ta ɗaga kafaɗarta ta hagu har ta taɓa hular kwano.

'Yar banza, kwaikwayona take yi a gaban gari guda. Na ɗaga hannu zan yi mata daƙuwa, sai na ga ba na ganinta sosai, idona ya cika. Merv na gefena yana kaɗa tutoci da hannu biyu yana ihu kamar yaro.

"Kin gan ta, Noelene? Kin gan ta?"

Na ce, "Na gan ta. Tamu ce."